Darasi: Tsutsar dubura a jakuna da dawakai, yadda ake gane ta, maganinta da rigakafinta

 Darasinmu na wannan karo a kan wata tsutsa ne wadda ba ta cika kashe dabba ba, amma tana hana ta barci, tana rage mata ƙarfi, tana kuma zubar da darajarta a kasuwa. Ita ce tsutsar dubura, wadda ke sa jaki ko doki ya yi ta gogar gindin wutsiyarsa a jikin itace har gashi ya zube.

A bazarar da ta wuce na je wata rijiya da ke arewa da Kelle don duba awaki. Ina cikin aiki wani dattijo ya jawo jakarsa ya ce mini: "Likita, duba mini wannan. Wata biyu ke nan ba ta da sukuni, duk icen da ta gani sai ta jingina da shi. Mun shafa baƙin mai, mun shafa toka, abin sai gaba yake yi." Da na duba, gindin wutsiyar ya zama fata zalla, ga gyambo guda biyu, ƙudaje sun yanyame su. Na ɗaga wutsiyar sai ga wani abu fari-fari mai ɗan rawaya ya bushe a gefen dubura kamar busasshen koko. Na ce masa: "Baba, ba ƙazuwa ba ce, tsutsa ce a ciki. Abin da kake gani a nan ƙwanta ne." Ya yi mamaki, domin a tunaninsa ciwon fata maganin fata yake so. Wannan jakar ita ce ke jan guga, ita ce kuma ke ɗaukar jarkokin ruwan gidansa. Ranar da ta kasa, matan gidan da yara ne za su ɗauki aikinta a kansu.

Kowa a nan ya san jaki ba abin wasa ba ne yanzu. A shekarar 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna waje saboda yadda cinikin fatarsu ya nemi ƙarar da su. A 2019 kuma murar dawakai da jakuna ta kashe dubbai a ƙasar nan. Wanda ya rasa jaki a yau ya san kuɗin da zai nema kafin ya mayar da gurbinsa. Don haka kula da wanda ke hannu ya zama dole.

Mece ce tsutsar dubura?

Sunanta a wurin masana Oxyuris equi. Tana zama a cikin babban hanji na doki, jaki da alfadari. Fara ce, ko mai ruwan toka. Namijin ƙarami ne, tsawonsa kamar santimita 1, ba a cika ganinsa ba. Macen ita ce babba, tana iya kai santimita 10 har ma fiye, kanta da ɗan kauri, bayanta kuma ya sirance ya yi tsini kamar allura. Wani lokaci za ka ga macen a kan kashin dabba ko tana leƙowa daga dubura.

Abu na farko da za a riƙe: wannan tsutsa ta dangin doki ce kaɗai. Ba ta kama saniya, ba ta kama raƙumi, ba ta kama tunkiya ko akuya, ba ta kuma kama mutum. Amma tsakanin doki da jaki tana wucewa ba shamaki. Jakin da ke turke ɗaya da doki zai iya ba shi, shi ma zai iya karɓa daga wurinsa.

Yadda take yaɗuwa

Yawancin tsutsotsin ciki suna zuba ƙwansu a cikin hanji, ƙwan ya fita tare da kashi, ya ƙyanƙyashe a cikin ciyawa. Wannan ta bambanta da su. Idan macen ta cika da ƙwai sai ta gangaro har bakin dubura, ta leƙo waje, ta zuba ƙwanta a kan fata cikin wani ruwa mai danƙo. Mace ɗaya tana zuba dubban ƙwai a lokaci guda. Wannan danƙon, idan ya fara bushewa yana tsattsagewa, shi ne ke kawo ƙaiƙayin da ke haukata dabba.

Cikin kwana 3 zuwa 5 ƙwan ya nuna, wato ɗan tsutsar da ke ciki ya isa ya kama wata dabba. Dabbar tana goga bayanta a jikin turke, bango, icen aduwa ko ƙafar amalanke, ƙwan ya manne a wurin. Wani kuma ya ɓarɓashe ya faɗa cikin harawa, dusa ko kwamin ruwa. Wata dabbar ta zo ta lasa ko ta ci, ko ma ita mai ciwon ta sake haɗiye nata. Daga ranar da aka haɗiye ƙwai zuwa ranar da sabuwar macen za ta fito ta zuba nata, ana ɗaukar kamar wata 5.

Wannan lissafi yana da amfani a wurinmu. Jakin da ya fara susa a watan Afrilu, mai yiwuwa tun wajen Nuwamba ya haɗiyi ƙwan, lokacin da aka gama girbi aka fara ɗaure dabbobi wuri ɗaya ana zuba musu harawa a ƙasa. Haka kuma wanda ya sayo jaki a kasuwar Kazowe ko ta Gure, ya ga wutsiyarsa lafiya lau, bai kamata ya saki jiki ba, domin tsutsar tana iya kasancewa a ciki ba ta kai ga fitowa ba.

Ƙwan yana daɗewa makonni a wuri mai inuwa da danshi, amma rana da bushewa suna kashe shi da wuri. Shi ya sa cutar ta fi yawa a dabbobin da ke ɗaure kullum a rumfa ɗaya, irin dokin gida da jakin amalanke, fiye da waɗanda ke yawo da garke suna sauya makwanci.

Alamomin da za ka gani

Na farko, yawan gogar gindin wutsiya a jikin duk abin da dabbar ta samu.

Na biyu, gashin saman wutsiya ya kakkarye, ya yi buzu-buzu, daga baya ya zube har wutsiyar ta koma kamar ta ɓera.

Na uku, wani abu fari ko mai ruwan rawaya da ya manne ko ya bushe a gefen dubura da ƙarƙashin wutsiya. An fi ganinsa da sassafe.

Na huɗu, rashin natsuwa. Dabbar ba ta tsayawa ta ci abinci sosai, tana yawan kaɗa wutsiya, tana buga ƙafa. Idan abin ya daɗe sai ta fara ramewa.

Na biyar, gyambo a gindin wutsiya ko a ɗuwawu. Wannan shi ne ya fi haɗari, domin ƙuda na iya zuba tsutsa a ciki, kuma ta irin wannan rauni ne cutar tetanus mai sandarar da jiki ke shiga. Doki da jaki suna cikin dabbobin da tetanus ta fi yi wa illa, kuma idan ta kama su da wuya su tashi.

Ba kowace susa ce tsutsa ba

Kafin ka kashe kuɗinka a magani, duba waɗannan da kyau:

Kaska. Tana son ɓoyewa a ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi, musamman da damina. Ɗaga wutsiya ka duba, ka shafa da hannu.

Ƙwarƙwata. Ta fi yawa lokacin ɗari, a dabbar da ta rame. Buɗa gashin wuya da na gindin wutsiya a cikin rana, za ka ga tana motsi, ƙwanta kuma a manne da gashi.

Ƙazuwa. Ba ta tsayawa a wutsiya kaɗai, tana bin wuya, kai da ƙafafu, fata ta yi kauri ta yi ɓawo.

Cizon ƙananan ƙwari na damina. Wasu dawakai jikinsu ba ya ɗaukarsa, sai su yi ta susar wuya da wutsiya tare. Da sanyi ya shigo sai abin ya lafa.

Datti a nonon goɗiya ko a kuben namiji. Dabbar ba ta iya kai wa wurin, sai ta huce a kan wutsiya. Wanki da ruwan ɗumi kaɗai yana maganin wannan.

Yadda muke tabbatarwa

Mutane da yawa suna kawo mana kashin dabba don a auna. A wannan cuta awon kashi yakan fito babu komai alhali tsutsar tana nan, saboda ƙwan ba a cikin kashi yake ba, a kan fata yake. Abin da muke yi shi ne mu yanki ɗan salatif mai haske, wanda aka fi sani da sikoci, mu manna shi a fatar gefen dubura, mu ɗaye, mu liƙa a kan gilashi mu duba a madubin awo. Ƙwan yana da siffarsa ta daban: gefe ɗaya a ɗan shafe, da ɗan murfi a kai ɗaya. Aikin minti kaɗan ne.

Mataimakin kiwo na ƙauye zai iya ɗaukar wannan samfuri ya aika wa ma'aikatar kiwo ta Gure ko likitan dabbobi mai zaman kansa da ke kula da yankinsa. A ɗauka da safe, kafin a wanke dabbar. Mai ɗauka ya tsaya a gefen cinya, jikinsa manne da na dabbar, wani kuma ya riƙe kai. Kada a tsaya daidai bayan jaki ko doki, domin wanda ke fama da ƙaiƙayi ba ya jiran a taɓa shi sau biyu kafin ya yi harbi.

Magani

Aikin kashi uku ne, kuma tare ake yin su: maganin sha, wanki, da gyaran makwanci. Wanda ya yi ɗaya ya bar biyu zai dawo wurinmu bayan ƴan watanni da magana ɗaya.

Kashi na farko, maganin sha. Waɗanda aka sani suna aiki a kan wannan tsutsa a doki da jaki su ne fenbendazole, ivermectin na baki, da pyrantel. Fenbendazole ana ba da miligiram 7.5 a kowane kilo na nauyin dabba. Ivermectin kuma miligiram 0.2 a kowane kilo.

Ga misali. Jaki mai kilo 120, idan fenbendazole na ruwa ne mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, kowane mililita ɗaya yana ɗauke da miligiram 100. Kilo 120 sau 7.5 ya ba da miligiram 900, wato mililita 9. Idan ivermectin ne irin na manna da ke zuwa a cikin sirinji don dawakai, jikin sirinjin yana da zanen kilo, sai a juya zoben a tsayar da shi daidai nauyin dabbar.

Nauyin doki ana iya ƙiyasta shi da awon tela. A auna zagayen ƙirji daidai inda ake ɗaura majanyin sirdi, sannan a auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, duka da santimita. A ninka zagayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawo, a raba da 11,880. Doki mai ƙirji 150 da tsawo 140 zai ba da kilo 265 ko kusa da haka, maganinsa na fenbendazole kuwa mililita 20. Wannan lissafi na doki ne. Jaki yana da nasa jadawali daban saboda ƙirar jikinsa, sai a nemi ma'aikacin kiwo ya auna shi. Awon ido yana yaudara, kuma rage magani shi ne ke koya wa tsutsa jure shi.

Yadda ake bayarwa: a tabbatar babu abinci a bakin dabbar. A cire allura daga sirinji, a zura shi ta gefen baki inda linzami ke zama, wurin da babu haƙora, a matsa maganin a bayan harshe, a ɗan ɗaga haɓa har ta haɗiye. Kada a ɗaga kai sama sosai a yi ɗure da kwalba, kada a ja harshe waje, kada kuma a zuba ta hanci. Maganin da ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu yana iya kashe dabbar da tsutsa ba za ta taɓa kashewa ba.

A ba duk jakuna da dawakan da ke turke ɗaya a rana ɗaya. Goɗiya ko jaka mai ciki, da duƙushi ƙarami, a tambayi ma'aikacin kiwo kafin a ba su.

Bayan mako 2 zuwa 3 a sake ɗaga wutsiya a duba. Idan an ga sabon ƙwai, kada a ƙara yawan maganin da aka ba da farko, a sauya zuwa wani dangin magani. A ƙasashe da dama na Turai da Amurka an ga inda aka ba doki ivermectin daidai ƙa'ida amma tsutsar dubura ba ta mutu ba. Saboda haka idan kun tabbatar wannan tsutsa ce, ni na fi ba da shawarar a fara da fenbendazole. A ci gaba da lura har wata 5, domin ƙananan da suka tsira a cikin hanji sai lokacin za su bayyana.

Kashi na biyu, wanki. Maganin sha yana kashe tsutsar da ke ciki, amma ba ya taɓa ƙwan da ke manne a fata. A samu ruwan ɗumi da sabulu da tsumma, a wanke gefen dubura, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi. A mako na farko kullum da safe, bayan haka kowane kwana 3 har wata guda. Dalilin kwana 3 shi ne a cire ƙwan kafin ya nuna. Kowace dabba da tsummanta, in an gama a ƙone shi ko a tafasa. Ruwan wankin a zubar da shi nesa da rijiya da wurin cin abinci. Na san ruwa yana da tsada a rani, amma rabin buta ya isa jaki ɗaya.

Idan akwai gyambo, a wanke da ruwan gishiri kaɗan, a shafa maganin rauni na aidin ko wanda ma'aikacin kiwo ya bayar, a kare shi daga ƙuda. Kada a ɗora igiyar akumari ko ta sirdi a kan raunin har ya warke.

Kashi na uku, gyaran makwanci. A tumɓuke turken a mayar da shi sabon wuri, tsohon wurin a share shi a bar rana ta dake shi. Icen da dabbar ke goga jiki a kankare shi ko a wanke da ruwan zafi. Akumari, bargon sirdi, igiya da burushi a wanke a shanya a rana. Abinci a zuba a cikin kwami ko rabin tano, a ajiye ta wajen kan dabbar, nesa da inda take juya baya.

Abubuwan da ba a yi

Kada a shafa baƙin mai na mota, kananzir ko ruwan batir. Suna ƙone fata, suna buɗe ƙofa ga ƙuda da tetanus, kuma tsutsar tana can cikin hanji ba abin da ya same ta.

Kada a wanke doki ko jaki da maganin kaska mai amitraz, wanda muke amfani da shi a shanu. A dangin doki yana tsayar da hanji, ciki ya kumbura, dabbar na iya mutuwa. A karanta jikin kwalba kafin a zuba.

Kada a ba su levamisole na shanu da tumaki. Tazarar da ke tsakanin maganinsa da gubarsa a doki kaɗan ce.

Kada a yi musu allurar ivermectin ta shanu a cikin nama. Tana iya kawo mummunan kumburi mai ruɓar da nama a wurin allurar. Na doki ta baki ake ba da shi.

Kada a ɓantari ƙwayar albendazole ta shanu da ka a ce ta isa jaki. Ba a san adadin da ya shiga ba.

Kada a sayi maganin da aka baza a rana a kan tabarma ranar kasuwa, ba takarda, ba ranar ƙarewar aiki. Zafi yana kashe ƙarfin magani, na jabu kuma yana da yawa. A saya a wurin likitan dabbobi, ma'aikatar kiwo ko mataimakin kiwo da aka horar.

Tumaki da awaki fa?

Su ma suna da tasu tsutsar dubura, sunanta Skrjabinema ovis. Ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai santimita 1 ba, kuma ba ta cika yin wata illa ba. Ba ta da alaƙa da ta jaki, ba sa ba juna. Idan tunkiya ko akuya tana ramewa da damina ko farkon kaka, kada a ɗora laifin a kan wannan. Wadda ke kashe ƙananan dabbobi ita ce jar tsutsa mai shan jini da ke cikin tumbi, Haemonchus contortus. Alamarta ita ce cikin fatar ido ya yi fari maimakon ja, ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa, dabbar ta riƙa zama baya a garke. Duk wadda ka ga haka a gare ta tana bukatar magani a ranar. A tuna kuma ba a ba tunkiya ko akuya albendazole a watan farko na ciki, domin yana iya lalata ɗan tayi. Kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka suna rubuce a jikin takardar kowane magani, a bi su.

Yaran gida

Sau da yawa idan na yi wannan bayani a taron ƙungiya, sai wata uwa ta ce: "Likita, yarona ma yana susar baya da dare, ko daga jakin ya ɗauka?" Amsa ita ce a'a. Mutum yana da tasa tsutsar dubura, Enterobius vermicularis, kuma daga mutum zuwa mutum kaɗai take yawo. Fara ce siririya kamar zare, tsawonta wajen santimita 1. Da dare take fitowa ta zuba ƙwai, shi ya sa yaro ke kasa barci yana kuka yana susa. Ƙwanta yana nuna cikin awa 4 zuwa 6, ya maƙale a ƙarƙashin farce, daga nan ya koma baki ko ya shiga kwanon da ake ci tare. A jikin tufafi da shimfiɗa yana iya kai mako 2 zuwa 3 da rai.

Maganinta a asibiti yake, ba a jakar ma'aikacin kiwo ba. Ana ba da mebendazole ko albendazole na mutane sau ɗaya, a maimaita bayan mako 2, kuma duk mutanen gidan ake ba tare. Mace mai ciki da yaron da bai kai shekara 2 ba, malamin asibiti ne zai faɗi abin da ya dace da su. Ina roƙonku da babbar murya, kada a ɓantari maganin dabba a ba yaro don sunan ya zo ɗaya. Ƙwayar shanu ɗaya tana iya ɗaukar miligiram 2,500, ta mutum kuwa 400 ce. A yanke wa yara farce, a yi musu wanka da safe, a wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin cin abinci, a wanke wanduna da zannuwan kwanciya a shanya a rana.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Mutum ɗaya ba zai sayi babbar kwalbar magani don jaki ɗaya ba, amma ƙungiya za ta iya. Ga shawarwari biyar da za ku tattauna a taronku na gaba:

1. A ware rana ɗaya bayan girbi da rana ɗaya a farkon bazara don duba wutsiyar duk jakuna da dawakan mambobi. Lokacin da ma'aikata suka zo rigakafin shekara na shanu da ƙananan dabbobi ma dama ce, a kawo jakuna a duba su.

2. A sayi magani tare daga hannun da aka amince da shi, a ajiye a inuwa a wurin mutum ɗaya, shi ne zai riƙa aunawa.

3. A buɗe littafi: sunan mai dabba, ranar da aka ba da magani, sunan maganin, adadinsa, da abin da aka gani bayan mako 3. Da wannan littafi ne za mu gane idan wani magani ya daina aiki a yankinmu.

4. Sabuwar dabba daga kasuwa a ɗaure ta daban, a wanke mata ƙarƙashin wutsiya, a ba ta magani kafin ta haɗu da na gida. Dokin da aka ba da aro don hawan salla ko biki, in ya dawo a wanke shi, a shanya kayan hawansa.

5. A bakin rijiya, inda jakunan gari da na baƙi ke jira a ƙarƙashin itace ɗaya, a guji zuba musu abinci a gindin icen da kowa ke goga jiki.

Ba a ce a riƙa ɗura wa kowace dabba magani kowane wata ba. Yawan bayarwa ba dalili asarar kuɗi ne, kuma shi ne ke haifar da tsutsar da ba ta jin magani. A duba tukuna, a ba wadda ke bukata da abokan turkenta.

Jakar dattijon nan mun auna ta, muka ba ta fenbendazole tare da ɗan uwanta da ke turke ɗaya. Jikarsa ce ta ɗauki aikin wanki kowace safiya, aka kuma mayar da turken gabas da rumfa inda rana ke bugawa. Da na koma bayan mako 3 gyambon ya rufe, susar ta tsaya. Gashin wutsiya ya fi jinkiri, sai da damina ta sauka ya fara cikowa. Na roƙe shi ya riƙa ɗaga wutsiyar kowace Juma'a har kaka, ya ce in sha Allahu zai yi.

Gobe da safe, kafin ka ɗora wa jakinka akumari, tsaya a gefensa ka ɗaga wutsiya ka duba. Idan ka ga abin da muka siffanta, ka sanar da mataimakin kiwo na ƙauyenku ko ma'aikatar kiwo mafi kusa. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu, ya sa albarka a garke.